Makarar da Aka Sauke a Hanya

Tun hantsi Rayhana ke kai-komo a tsakar gida kamar wadda ta ɓatar da allura. Ta share zaure, ta yayyafa ruwa, ta dawo ta sake sharewa. Gwaggo Hannatu, ƙanwar mahaifinta da ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyarsu, tana zaune gindin darbejiya tana tsince zogale tana kallon ikon Allah.

"Ke 'yar nan, za ki ƙarar mana da ƙasar zauren! Gwamna ne zai zo?"

"Haba Gwaggo! Gaisuwa fa kawai zai zo yi wajen Baba."

"Gaisuwa kawai, shi ya sa zakarana ya riga mu gidan gaskiya ba da sanina ba?"

Rayhana ta rufe fuska da mayafi ta ruga madafi tana dariya. Wanda ake wa wannan rawar kai shi ne Zulkifli, ɗan Gumel, kofur a aikin soja. Sun haɗu ne lokacin da take karatun koyarwa a Gumel, ta hanyar ƙanwarsa 'yar ajinsu. Yaro ne mai kunya, idan yana magana sai ka matso za ka ji, har Rayhana kan tsokane shi wai a ina aka taɓa ganin soja mai sunkuyar da kai. Ta ƙaunace shi ƙwarai, kuma yau ne karon farko da zai tako ƙauyensu, Tudun Haladu, arewa da Sule Tankarkar, dab da kan iyaka.

Bayan azahar ya iso a babur, cikin farin yadi da hula. Rayhana ta laɓe bayan ƙofar zaure. Ta ji sallamar mahaifinta, Malam Dalhatu, tare da yayanta Hussaini. Ta ji Zulkifli ya durƙusa yana cewa, "Barkanku da rana, Baba."

Sai ta leƙa ta kafar ƙyaure.

Malam Dalhatu yana tsaye, hannun da ya miƙa ya tsaya a hanya. Hussaini kuwa idanunsa sun kaɗa sun yi jawur.

"Ɗago kanka," in ji Malam. Zulkifli ya ɗago. "Kai ne. Wallahi kai ne! Ko cikin dubu aka sa ka zan gane ka. Tashi ka fita mini daga gida!"

"Baba, don Allah ku…"

"Kada ka ƙara ce mini Baba! Fita!"

Rayhana ba ta san lokacin da ta faɗo zauren ba, ɗankwali a hannu. "Baba, me ya yi? Yaya, me ya faru?" Ba wanda ya kula ta. Zulkifli ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita, ko waiwaye bai yi ba.

A tsakar gida Malam ya yanke magana a gaban kowa. "Muddin ina numfashi, babu 'yata babu soja. Duk ɗaya suke! Wanda ya ƙara ɗauko mini zancen nan ban yafe ba."

Rayhana ta yi kuka har muryarta ta dishe. Da la'asar Hussaini ya same ta a bayan rumbu, ya zauna nesa kaɗan, yana tona ƙasa da tsinke, ya fara ba ta labari.

Abin da ta sani shi ne abin da kowa ya sani. Shekarar da aka rufe iyaka, wata ƙungiyar sojoji ta yi sansani a firamaren garin wata da watanni, suka kafa shinge a hanyar arewa. Mai babur sai ya sauka ya tura, dattijo mai furfura a sa shi tsallen kwaɗo don ya manta bai cire hula ba, akuya kuwa idan ta ɓata ba a cigiya, ƙamshin gashi ne zai gaya maka inda ta kwana. A cikin wannan zaman ne Inna Mariyamu, mahaifiyarsu, ta rasu. Abin da ba ta sani ba shi ne abin da ya faru a hanyar maƙabarta, domin mata ba sa bin gawa, mazan garin kuma suka haɗa baki suka binne maganar.

"Maƙabarta tana bayan shingen," in ji Hussaini. "Sajan ɗinsu ya tare mu, ya ce a sauke makara. Wai an taɓa kama masu fasa-ƙwauri sun ɗauko kaya a makara. Baba ya ce masa mace ce, matarsa ce. Liman ya roƙe shi a kira matan da suka yi mata wanka su buɗe a bayan zani, ga gidajensu nan ana hange. Ya ƙi. Ya sa bakin bindiga ya yaye likkafanin, Rayhana. A kan hanya, a gaban maza."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!"

"Na zabura zan rufe ta, wani soja ya gicciya mini bindiga a ƙirji ya danne ni. Ina kallon fuskarsa, hawaye yake yi, amma bai sake ni ba. Shi ne wanda kika share wa zaure yau."

Washegari ta kira Zulkifli a waya, sau ɗaya tak ta yi ƙara ya ɗauka.

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Rayhana."

"Ka san garinmu, na gaya maka shekarar da Inna ta rasu. Ba ka yi zargi ba?"

"Na yi. Tsoron tambaya na ji. Wallahi ban taɓa gawar ba, oda aka ba ni in tare mutane. A soja idan oga ya ba da oda…"

"Oda! Ranar lahira ma oda za ka ce? Kana da baki a lokacin, Zulkifli. Ka san mene ne likkafanin mace, a gidan Musulmi ka tashi. Me ka ce masa?"

"Ban ce komai ba."

"To ni ma ba ni da abin cewa. Ina sonka, ba zan yi maka ƙarya ba, amma ba zan taka zuciyar Baba in zo gare ka ba. Kada ka ƙara kirana."

Ta kashe wayar ta kifa kai a gwiwa. Ƙawayenta na Gumel sun yi ta hure mata kunne, wai ta kai ƙara kotu a ɗaura musu aure, zamani ya canza. Ta ce musu ita ba ta da wani uban sai wannan. Ta kama koyarwa a firamaren da sojojin suka taɓa zama, ta ci gaba da dafa wa mahaifinta tuwo tana kai masa da fara'a, sai dai ta rame har awarwaronta na zamewa. Gwaggo Hannatu ce ta kasa haƙuri.

"Yaya, yarinyar nan tana ƙarewa a tsaye," ta ce da Malam wata rana yana gyaran garma. "Ni ban ce yaron ba shi da laifi ba. Amma wanda ya yaye da wanda ya tsaya, hukuncinsu ɗaya?"

"Da bai tare Hussaini ba, da an rufe ta."

"Da bai tare shi ba, da wataƙila gawa biyu kuka binne. Ni dai na ce a auna."

Malam ya ci gaba da dukan ƙarfensa.

Bayan girbi labari ya zo cewa an turo kwamitin bincike zai zauna a Gumel, ya saurari koke-koken ƙauyukan da aka yi wa irin wannan zama. Da farko Malam ya ce shi ba zai je ya tona asirin matarsa a bainar jama'a ba. Rayhana ce ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ba asirin Inna za ku tona ba, nasu za ku tona. Idan kuka yi shiru, gobe uwar wani za a yi wa."

Ya dube ta, sannan ya ce Hussaini ya nemo mota.

Zauren taron ya cika maƙil, har da mutanen Maigatari da na wajen Gagarawa, kowa da nasa tabon. Rayhana da Gwaggo suka zauna a sashen mata. Malam Dalhatu ya miƙe ya faɗi abin da ya faru. Da aka kira Sajan ɗin, sai ya murtuke ya ce ƙarya ce tsagwaronta, shi bai taɓa tare gawa ba, mutanen kan iyaka ne ke ƙulla masa sharri don ya hana su fasa-ƙwauri. Aka kira yaransa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ƙame ya ce bai gani ba. Zuciyar Rayhana ta yi baƙi ƙirin, ta ga mahaifinta ya sunkuyar da kai kamar shi ne mai laifin.

"Kofur Zulkifli!"

Ya fito cikin kaki ya sara. Rayhana dai ta runtse ido tana addu'a, ba ta ma san me take roƙo ba.

"Ranka ya daɗe, duk abin da dattijon nan ya faɗa haka aka yi. An gaya wa Sajan mace ce, an roƙe shi a kira mata su duba, ya ƙi. Da idona na ga ya yaye likkafanin, babu komai a makarar sai baiwar Allah."

Zaure ya kaure da salati. Sajan ya zabura yana zagi, aka zaunar da shi.

"Kai kuma me ka yi?" in ji shugaban kwamitin.

"Ni na danne ɗanta da bindiga lokacin da ya zo rufe ta. Na san ba daidai ba ne, na yi shiru don tsoron aikina. Idan za a hukunta, a haɗa da ni."

"Ka san abin da wannan magana za ta jawo maka?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

Gwaggo Hannatu ta damƙe hannun Rayhana tana hawaye. Bayan Zulkifli, wasu biyu daga cikin yaran suka nemi a sake kiransu, suka janye maganarsu ta farko. Daga nan zance ya warware kamar tsohon saƙi, har na awaki da tsallen kwaɗo sai da ya fito. Ba a daɗe ba hukunci ya sauko: aka tuɓe wa Sajan kaki aka miƙa shi kotu, Zulkifli kuwa aka cire masa igiyar muƙaminsa aka tsare shi na wani lokaci a bariki.

Rayhana dai ta lura mahaifinta ya daina haɗe rai idan an ambaci Gumel.

Damina na kunno kai, wata Juma'a da safe, aka yi sallama a ƙofar gida. Rayhana ta gane muryar tun kafin a amsa, sai Gwaggo ta ja ta zuwa bayan ƙofa. Zulkifli ne durƙushe a waje, ko zauren bai shiga ba, ya yi baƙi ya rame.

"Malam, ban zo neman aure ba, na san ban cancanta ba. Ta'aziyya na zo yi, wadda ya kamata in yi tun ranar. Allah ya jiƙan Inna Mariyamu, ya sa ta huta. Ku yafe mini, kai ma Yaya Hussaini ka yafe mini."

Hussaini ya kau da kai. Can ya ce, "Ƙirjina bai manta ba. Amma na yafe."

Malam Dalhatu ya ɗauki sandarsa. "Tashi mu je ka gaya mata da bakinka."

Su uku suka bi hanyar arewa zuwa maƙabarta. Rayhana ta zauna ta tashi, ta ɗora tukunya ta manta ba ta hura wuta ba. Sai da rana ta take suka dawo, idanun kowa sun kumbura. Malam ya ƙwala kira daga zaure.

"Rayhana! Hannatu! Ku zo ku ji."

Ta zo ta durƙusa a gefe, kanta a ƙasa.

"Na ce duk ɗaya suke, na yi kuskure," in ji Malam. "Yaro, ranar da aka sauke makara na ga ka ji tsoron Sajan. A Gumel kuma na ga ka ji tsoron Allah, ka san abin da za ka rasa. Na farkon na kora daga gidana. Na biyun kuwa, ya je ya turo mini magabatansa." Ya juya wajen 'yarsa, muryarsa ta yi laushi. "Ke kuma kin ci zuciyarki don ki rufa mini tawa, ko sau ɗaya ba ki ɗaga mini murya ba. Allah ya yi miki albarka."

Gwaggo Hannatu ta rangaɗa guɗar da sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga. Rayhana ta fashe da kuka, wannan karon na daɗi, Zulkifli kuwa ya kifa goshi a ƙasa ya kasa ɗagowa.

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura auren, garin ya cika har da waɗanda suka ɗauki makarar a wancan ranar.

To, 'yan'uwa matasa, kaki ba ya wanke zalunci, cewa "an ba ni oda" kuma ba ta isa hujja a gaban Allah ba, domin mai kallo ya yi shiru yana da nasa kason. Sai dai ba adalci ba ne a yi wa mutane kuɗin goro a hukunci, a haɗa wanda ya dage kan ƙarya da wanda ya tsaya ya faɗi gaskiya a kan kansa. Rayhana ta yi haƙuri, ba ta sayar da mahaifinta don so ba, sai Allah ya haɗa mata duka biyun: albarkar uba, da mijin da ba zai ƙara yin shiru a gaban zalunci ba.