Ƙunshin Kayan Hajjo

"Kai ɗan Ikko, sauka daga kan turmin nan, ba kujerar ubanka ba ce!" in ji Hajjo.

Barau ya sauka yana yi wa kakarsa dariya, rediyonsa a kafaɗa, amma idonsa na kan Safiyatu, 'yar Bappa Ƙasimu ƙanin ubansa, wadda ke saƙa faifai mai ja da kore tana murmushi ita kaɗai. Tun da ya dawo Maruta bayan shekarun da ya yi a Ikko, da wandonsa fantalo da tabarau, bai taɓa samun irin wannan murmushi daga gare ta ba. Ya san mai shi: Badaru mai shayi na bakin kasuwa, mutumin Magariya da fari ya koro daga Nijar. Har Bappa ya ce wa Badaru ya turo manyansa.

Sai rediyo ya kawo labari: gwamnati ta ba duk baƙon da ba shi da takarda wa'adi ya bar ƙasa.

"Yawwa! Oda ce daga sama!" Barau ya daka tsalle. "Sista, kin ji ko? A gaya wa mai shayi ya fara naɗe tabarma!"

Faifan ya suɓuce daga hannun Safiyatu. "Yaya Barau, me ya tsare maka?"

A ran Barau kuwa, abin da aka tsare masa ita ce.

A gindin tsamiya gari ya rabu biyu. Wasu na cewa baƙi sun cika ƙasa, sun sa kaya tsada, gara a tsananta. Wasu na cewa, to wa zai haƙa mana rijiya, wa zai taya mu yankan gero? Muryar Barau ta danne ta kowa. "Ni na ga Ikko da idona! Ba fasfo, ba zama — shi ke nan!" Daga nan ya wuce wurin Bappa ya zuba masa tsoro, wai duk wanda ya ba baƙo 'ya har shi za a kama. Bappa ya ce a dakata da maganar auren. Safiyatu ta shige ɗaki, kuka har idonta ya kumbura.

Ranar kasuwa Barau ya bi ta teburin Badaru don ya ga yadda ya rame. Badaru ya tashi ya goge masa benci. "Sannu Malam Barau, a sa madara?" Barau ya buɗe baki zai yi gatse, sai ya ga abin da aka rufe burodi da shi: faifan nan mai ja da kore! Shi da ya yi fatan nasa ake saƙawa! Zuciyarsa ta tafasa. Ya rantse gobe zai hau mota zuwa Birnin Kudu ya kai ripot ɗin Badaru wurin hukuma.

Ashe labari ya kai kunnen Hajjo. Da safe ya tarar da ita zaune a zaure, ta ɗaure tsummokaranta cikin tsohon zane, ƙwaryarta a kai, sanda a hannu.

"Hajjo, ina zuwa haka?"

"Tare za mu, mijin banza. Ka haɗa ni da Badaru ka huta da zuwa sau biyu."

"Haba Hajjo, wasa ne wannan?"

"Dubi fuskata." Ta nuna tsagar da ke kumatunta. "Ba irin tasa ba ce? Daga Magariya aka kawo ni da ƙafa, bayan shanun kakanka. Ba ni da takarda ko ta ƙunshe ƙosai. Doka ta gwamnati ce, ban ce a ƙi ta ba. Amma kai ba doka ce ta hana ka barci ba, faifai ne!"

Barau ya sani sarai daga can take, bai dai taɓa kawo hakan a ransa ba. Hannun nan mai sanda shi ya yi masa wanka, shi ya ɗura masa kunu bayan rasuwar uwarsa. Ya durƙusa ya sauke mata ƙwaryar, hawaye na ɗiga a kan fantalo.

Badaru bai jira an kore shi ba. Ya yi sallama ya tafi, Safiyatu ta zauna jira, ba ta ƙara kallon kowa ba. Bayan damina ya dawo da takardunsa cif, da dattawa daga Magariya, cikinsu har da wanda ya san gidan su Hajjo. Barau da kansa ya je ya ba Bappa haƙuri, shi ya ɗauki akwatin amarya a ka ranar kai ta. Da ya ga faifan rataye a ɗakin ango kishi ya sake taso masa, amma ya haɗiye, ya ce Allah ya ba da zaman lafiya.

To samari, kafin ku ɗaga murya a kan baƙo, ku fara leƙa zuciyarku: kishin ƙasa ne ke magana, ko kishin budurwa? Safiyatu da Badaru haƙuri suka yi, kuma Allah bai bar su ba.