Na'urar Jirgin Zaharadden

Da hantsi teku ta tofo gawar Zaharadden, wani masunci, a arewacin Jidda, jirginsa a kife kusa da shi.

Sufeto Abduljalil ya zagaya jirgin. Ga ramukan noti sababbi fil, amma babu na'urar da sabuwar dokar teku ta wajabta, wadda ke nuna wa masu gadin teku inda jirgi yake. Masunta sun tsani dokar nan kamar ciwon ido, ko sallamar Sufeto ba su amsa ba.

A unguwar Hindawiyya, matar mamacin, Barakatu, ta tsayar da Sufeto a bakin ƙofa.

"Ya bugo mini ya ce ruwa na shiga jirgi. Na kira masu gadin teku. Ina amfanin dokar taku?"

"Sun fita, Hajiya. Kudu na'urar ta kai su."

"Arewa ya tafi! Yayana Husaini ne ya aike shi."

Arewar kuwa an hana kamun kifi a cikinta. Jirgin da mamacin ke tuƙawa da wanda Husaini ke fita da shi, duk na Husaini ne, mutum mai bakin ganga. Sufeto ya same shi a tashar masunta yana wanke nasa.

"Wallahi ya Sufeto, igiyar ruwa ce ta fizge na'urar. Halas, ka bar mu da makokinmu."

"Tun yaushe igiyar ruwa ta koyi kwance noti?"

Husaini ya tofar da yawu.

Sufeto ya kira Meshari, jagoran masu ceto, a waya. Meshari ya ce jirgi ɗaya suka tarar a kudu, na Husaini, kuma har yanzu na'urar mamacin tana nuna tashar masunta.

Sufeto ya tsallaka cikin jirgin Husaini, ya ɗaga tarun da ke jibge. Na'urori biyu ne kwance gefe da gefe.

"Yalla, yi bayani."

Bakin gangar ya mutu. "Kowa haka yake yi. Ni nake ɗaukar tasa in yi kudu, shi ya yi arewa inda kifi yake."

"Da masu ceto suka iso gare ka fa?"

"Sun tambaye ni ko ni ne Zaharadden, ko na san inda yake. In na faɗa, a ƙwace lasisina, a soke iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan." Ya sunkuyar da kai. "Na ce ban gan shi ba."

"A lokacin yana raye," in ji Sufeto, ransa a ɓace.

Ya sa masa ankwa. Barakatu na tsaye a bakin tasha, ta ji komai. Da aka zo wucewa da shi ya ce, "Ƙanwata..." Ta ja mayafinta ta juya masa baya.