Jar Giyar Da Ta Fashe A Birmingham

Insifekta Abdulsalami bai taɓa ɗanɗana giya ba tun da aka haife shi, amma ranar Litinin ita aka ɗora masa a kai.

Mai ƙarar Madam Rhoda ce, 'yar Jos, mai kamfanin tura jar giyar inabi daga unguwar Gorton da ke Manchester zuwa China. Ta shigo ofishinsa a fusace.

"Kayana sun fashe a depot, rumbun ajiyar kaya na Birmingham, Insifekta! Tsohuwar giya ce mai tsada. An ce abin da ke cikin kwalaben ba nawa ba ne. Direbana Moro ya canza su a hanya."

"Kin gan shi?"

"Ba sai na gani ba. Shi ya tuƙa."

Kafin azahar an tsare Moro. Magidanci ne ɗan Ghana, tuƙin nan kaɗai ke riƙe da iyalinsa. In laifin ya hau kansa, lasisi ya tafi, gidan yari kuma na jiransa.

A Birmingham ma'aikata sun tsaya nesa da akwatunan suna toshe hanci, wai giya ce ta lalace. Insifekta ya matsa yana tattare ƙafar wando kada najasa ta taɓa shi. Sai ƙamshin ya buge shi: citta, kanumfari, ɓawon abarba.

Ya yi tsaki. "Zoɓo! Tun daga Manchester aka taso ni saboda zoɓo."

Da ya koma ya sa aka fito da Moro.

"Ka tsaya a hanya?"

"Ko kaɗan, Yallaɓai."

"Na'urar motarka ta ce ka tsaya a unguwar Sparkbrook a Birmingham. Kada ka ɓata mini lokaci."

Moro ya sunkuyar da kai. "Sallah na tsaya yi. Na ɓoye motar a bayan shaguna kada mutanenmu su ga abin da nake ɗauka. Sorry, Yallaɓai, kunya ce."

Haushi ya kama Insifekta. Mutum na bakin gidan yari, shi kunyar 'yan masallaci ta dame shi! Amma limamin masallacin ya tabbatar da maganarsa, kuma tsayuwar ba ta isa a buɗe ko akwati ɗaya ba.

Ya nufi ma'ajiyar Gorton, wani ɗaki mai sanyi a ƙarƙashin ƙasa, kwalabe kwance a jere. Mai kula da wurin Nyam ne, ƙanin mijin Madam Rhoda, mutum mai son a san ya sani.

"Ka ga irin wannan, Insifekta, ba a gaggawar shan ta. Ƙaramar giya shekara biyu ta isa, amma babba sai ta kwana goma tana gyaruwa. Customers ɗinmu na China ma ba sa buɗewa. Ajiyewa suke yi don bikin 'ya'yansu."

"Wato in an yi musu canji ba za su gane da wuri ba?"

Nyam ya yi dariyar yaƙe. "Ni dai giya na sani."

"Ka san zoɓo?"

"Rabona da shi tun Najeriya."

A bayan ƙofa Insifekta ya hango tulin jarkoki, an wanke su amma cikinsu ya rine ja. Kowacce da tambarin "Hajiya Ubaida". Nyam ya ce na masu shara ne.

Hajiya Ubaida tana da rumfa a kasuwar Gorton, kuma ba ta tsoron ɗan sanda.

"Nyam? Na san shi mana. Ya sayi zoɓo mai yawa, wai na party ne. Ya ce kada in sa sukari, kada in sa kayan ƙamshi, ja kawai yake so."

"Kika yi hakan?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Haba ɗana! In kai wa mutane zoɓo salam, a ce Ubaida ce ta yi? Na zuba sukari son raina, na ƙara abarba. Ban gaya masa ba, gata na yi masa."

Insifekta ya dafe goshi. Zoɓo mai zaƙi, a toshe a kwalba, a bar shi a wuri mai ɗumi irin rumbun Birmingham: ko yarinyar da ke talla ta san zai yi tsami ya kumbura har ya fasa kwalba.

Ya koma ma'ajiyar, ya tarar da Madam Rhoda tana nan. Ya dire jarka ɗaya a gaban Nyam.

"Hajiya Ubaida na gaishe ka. Ta ce ta sa sukari."

Nyam ya zabura. "Na ce mata kada ta..." Sai ya kama bakinsa.

"Ƙarasa mana," in ji Insifekta.

Nyam ya zauna daɓas a kan akwati. Ya ce giyar ta gaske ya juye ta ya sayar wa wasu gidajen abinci, ya cika kwalaben da zoɓo, ya mayar da toshiya. Lissafinsa, kafin wani ya buɗe a China shekaru sun shuɗe, a ce ajiya ce ba ta yi kyau ba.

"Kana kallo na sa aka kama Moro!" in ji Madam Rhoda. "A gidana kake cin tuwo, Nyam."

Bai dube ta ba. Ana sa masa ankwa yana ta ƙunƙuni. "Da ba ta sa sukarin nan ba, wa zai sani?"

"Wani dattijo a China," in ji Insifekta. "Ya yi shekara goma yana lallaɓa kwalba, ranar auren 'yarsa ya zuba wa surukansa ruɓaɓɓen zoɓo. Mu je."

Da yamma aka saki Moro. A bakin ofis ya tsaya yana murza hula.

"Yallaɓai, zancen motar nan, ba sai 'yan masallaci sun ji ba ko?"

Insifekta ya dube shi. "Tafi gida, Moro. 'Ya'yanka na jira."