Rigar Shirase Kinue

Da hantsi aka kira Sufeto Kuwabara zuwa wani ƙaramin gidan tarihin fina-finai da ke Kyoto. An sace kimono, wato doguwar rigar gargajiya, mai ruwan shuɗi, wadda tauraruwa Shirase Kinue ta sa a fim ɗinta na ƙarshe.

Wannan rigar fa ya san ta tun yana ɗan firamare, lokacin da mahaifiyarsa ke jan shi silima, ta yi ta sharar hawaye a duhu, shi kuwa yana cin gasasshen dankali.

Da ya isa, ya tarar gilashin da ake nuna rigar a ciki bai fashe ba. Abin mamaki kuma, ɓarawon bai bar mutum-mutumin da aka cire wa rigar tsirara ba. Ya sa masa wata tsohuwar rigar auduga, ya ɗaura masa ɗamara tsaf.

"Wa ke riƙe da makulli?" ya tambayi Nonomura, shugaban gidan.

"Ni kaɗai, Yallaɓai."

"To kai ka ɗauka ke nan. Mu je ofis."

Nan take gumi ya karyo wa bawan Allah. "A'a, tsaya! Akwai Iya Tomie. Duk kaka nakan ba ta makullin ta fitar da kayan su sha iska. Ita ce mai shirya Kinue a situdiyo tun suna 'yan mata. Amma haba, tsohuwa ce tukuf!"

Sufeto ya duƙa ya duba ɗamarar. Ba a baya aka ƙulle ta ba yadda kowa ke yi. A gefe aka cusa ƙullin, inda kyamara ba ta gani, ja ɗaya ya warware. Ɗaurin masu shirya 'yan fim ne na da, na masu sauya wa tauraruwa kaya ana jiran ta.

"Kinue ɗin tana ina yanzu?"

"Ai ta rasu shekaranjiya, a gidan tsofaffi. Ko jarida ba ta buga ba. Yau da yamma za a ƙona gawar."

Kuwabara bai tsaya jin sauran ba. In gawar aka sa wa rigar, ta shiga wuta, shi ke nan, sai toka.

A ɗakin jana'iza ya tarar da Iya Tomie ita kaɗai, zaune gaban akwatin gawa. Kaico! Matar da gari guda ke layi don ganin ta, yau mutum ɗaya ce ta zo mata.

"Iya, yaushe rabonki da gidan tarihi?"

"Tun bara, ɗan nan. Dubi hannuna, rawa yake yi. Ko igiyar takalmi ba na iya ɗaurawa."

"Wa ya ɗaura miki wannan ɗamarar ta jikinki?"

Ta kai hannu gefenta, inda irin wancan ƙullin yake, ta yi dariya mai ciwo.

"Kai dai ɗan sanda, anya kana da uwa kuwa? Ni na ɗauka. Ranar da aka gama fim ɗin nan ta ce mini, 'Tomie, a cikin wannan za ki sallame ni.' Na ce to. Yanzu in ce mata me?"

Sufeto ya ɗaga murfin. Ga Kinue kwance cikin shuɗi, ta tsufa, ta ƙanƙance. Wallahi ya so ya rufe ya juya ya tafi abinsa. Amma rigar ba tasa ba ce, ba ta Tomie ba ce, kuma akwai masu zuwa kallon ta don su tuna iyayensu.

"Dole a cire, Iya," ya ce.

"Na sani. Amma fita waje. Tunda take, namiji bai taɓa ganin ana canja mata kaya ba."

Ya fita ya ja ƙofa. Da Tomie ta buɗe, rigar na ninke a hannunta. Ta miƙa masa, ta juya ta rusuna wa akwatin.

"An tashi aiki, Uwar ɗakina. Sannu da ƙoƙari."

Bai fito da ankwa ba. Hannunsa ya ba ta ta dafa, suka taka a hankali har bakin mota.