Dalbejiyar Kabarin Inna

"Daga yau ki cire Ɗanliti daga ranki," in ji Baba.

Ludayin da ke hannun Zulaihatu ya suɓuce ya faɗi.

Shekarar fari ce, rijiyoyin ƙauyensu na gefen Bici sun koma taɓo, sai mutum ya wuni a layi kafin ya cika tulu. Basiru mai shagon hatsi, wanda ya gaji da zaryar nemanta, shi ya kawo wa Baba magana: wai kullum da la'asar Ɗanliti masassaƙi yana shiga maƙabarta da buta, yana tsiyaya wani abu a kan kabari, asiri yake yi wa yarinyar. Basiru kuwa, da tsegumi noma ne, ko babu damina sai ya cika rumbu.

"Baba... ni na aike shi."

"Ke?"

Cikin kuka ta ce iska da awaki sun baje kaburbura, ita kuma mace ce, ba ta da ikon shiga. Tsoro take kada kabarin Innarta ya ɓace, shi ya sa ta roƙe shi ya sa masa alama. Zancen buta kam ba ta sani ba.

Baba ya zura takalmi ya fita. Ta bi shi daga nesa, ta tsaya a bayan shingen ƙaya.

Tana kallo ya shiga, ya yi gabas, ya dawo, ya tsaya yana waige-waige. Ya kasa gane inda ya binne matarsa da hannunsa. Tausayinsa ya kama ta.

Ɗanliti, da ke can gefe da butarsa, ya taso ya gaishe shi, ya ja shi wajen wani guntun icen ƙirya da ya kafa. Ya sassaƙa masa irin zanen da ke jikin ƙwaryar furar Inna. Kusa da shi ga 'yar dalbejiya kore shar, ita kaɗai a duk filin.

"Ruwan fa, daga ina?" in ji Baba.

"Rabon shana ne, Malam. Ni ina iya jurewa, ita ba ta iyawa."

Baba ya daɗe a durƙushe yana addu'a. Da ya miƙe idonsa ja, ya dubi leɓen yaron da ya tsattsage.

"Wanda ya riƙe mini matacciya haka, ba zai wulaƙanta mini mai rai ba. Turo iyayenka."

Ɗanliti ya fito ya same ta a bakin shinge, tana dariya tana share hawaye.

"Ashe ƙishi kake kwana da shi, ba ka faɗa mini ba?"

"Zulai tawa... surukata ce fa. Ai ba na bari ta kwanta a rana."