Tifar Da Ke Mutuwa Da Ƙarfe Ɗaya

Allon Saudatu ne ya faɗi a tsakiyar hanya. Yarinyar ta juya za ta ɗauko, ga tifa ta sako kai daga gangare maƙare da marmara. Malama Rekiya ba ta san lokacin da ta yar da rajista ta faɗa hanyar ba. Ta rungume yarinyar ta runtse ido. Birki ya yi ƙara, ƙura ta turnuƙe, sai tsit. Da ta buɗe ido, hancin motar bai fi kamu uku da kafaɗarta ba.

Direban ya diro, dogo, hularsa ta rine da jar ƙasa. Ta buɗe baki za ta wanke shi tas, sai ta ga ya durƙusa yana duba ƙafafun yarinyar.

"Ki yafe ni, Malama. Yau na fara bin hanyar nan."

Suka haɗa ido, sai ta fasa faɗan. Manu sunansa.

A shekarar 1964 aka fara gina sababbin gidajen ma'aikata bayan firamaren da take koyarwa a Dutsin-Ma. Hanyar da a da jakuna kaɗai ke bi, 'yar matsattsiya tsakanin katangar makaranta da wani kwari, ita tifofi suka mayar tasu. Ga gangunan kwalta da ake dafawa jikin taga, hayaƙi na cika aji, yara na karatu suna tari. Takarda uku ita da hedimasta suka rubuta zuwa ofis, ko ɗaya ba a amsa ba. Abin da ya rage mata shi ne tsayawa bakin ƙofa in an tashi, tana kaɗa mayafi ga direbobin da ba su ko kallonta.

Washegarin ranar da allon ya faɗi, ana buga ƙararrawar ƙarfe ɗaya, motar Manu ta zo daidai matsatsin ta mutu. Ya fito ya ɗaga bonet. Tifofi shida suka jeru bayansa suna hon, babu ta inda za su wuce. Yara suka tsallake kaf, sannan motar ta tashi. Jibi ma haka, gata ma haka.

Rekiya ta ce wa Inna, gwaggonta da take zaune wurinta, mai tuyar ƙosai a bakin makarantar, wannan direba bai iya komai ba, ga akwalar mota. Inna ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ashe boko bai ƙara wa mutum ido. Ta zaro wata takarda da direban ya ba ta ajiya daga ƙarƙashin faifai ta miƙa mata. Rubutun ajin yaƙi da jahilci ne, manya-manyan baƙaƙe.

"Zuwa ga Malamar zuciyata. Motata lafiyarta lau. Wata 'yar waya nake zarewa. In kin gama tsallakar da 'ya'yanki ki gyara kallabi, in gane in mayar da ita. Tun ranar nan ban daina ganin fuskarki ba. Naki, Manu."

Ta karanta sau huɗu. Amsarta gajeriya ce: "Direban banza, ashe ni ce daƙiƙiyar ajin. Ka kula da kanka. Malamarka."

Daga nan kullum sai ta gyara kallabi, shi kuma ya yi murmushi a ƙarƙashin bonet. Wata biyu ana haka, har ya je Kurfi gaida mahaifinta, Malam Tukur. Tsohon ya karɓe shi da sanyi-sanyi. Ya ce direba ba ya da gari, ko'ina ya kwana gidansa ne. Kuma an riga shi: Sabitu, fomen mai kula da ma'aikatan ginin, mai agogo da sabon keke, ya aiko manya.

Sabitu ya tare ta da kansa a ƙofar aji, ya toshe hanci da hankici. Ya ce akwai tsohuwar hanya ta bayan dutse, magana ɗaya zai yi motoci su koma can, a ɗauke gangunan kwaltar ma. Amma mutum matarsa yake yi wa irin wannan wahala, ba bare ba.

Ta koma aji ta dubi yara arba'in da biyu, idanunsu jajur. Saudatu tana tari har da hawaye. Rekiya ta juya ga allo don kada su ga nata. In ta ce a'a, gobe wa za ta ɗauko daga ƙarƙashin taya? Ta rubuta wa Manu: "Ka yi haƙuri da ni. Ba ni da yadda zan yi."

Bai amsa ba. Amma ƙarfe ɗaya motar ta mutu kamar kullum.

A ranar ce Sabitu ya laɓe, ya kama Manu da wayar a hannu, ya karɓe makullin motar a gaban jama'a. Bai tsaya nan ba, ya tuƙa keke har Kurfi ya kai labari, wai a ga irin macucin da ke neman ɗiyar mutane. Malam Tukur ya saurara, ya tambayi lokacin da motar ke mutuwa da wurin.

Ranar Laraba ya zo Dutsin-Ma, ya zauna kan bencin Inna. Ƙarfe ɗaya sai ga Manu a ƙasa, babu mota, babu aiki, ya ɗaura jan ƙyalle a kara, ya tsaya ƙiƙam tsakiyar hanya. Direbobi suka taka birki suna yi masa tsiya, wai yau kuma wace wayar ya zare, tasa ta kai? Bai motsa ba sai da ɗan autan aji ɗaya ya haye.

Malam Tukur ya sa aka kira Sabitu.

"Ɗana, an ce akwai hanya ta bayan dutse. Tun yaushe ka san da ita?"

"Tun bara, Malam."

"To, ka riƙe ta. Wanda ya iya kallon yaran nan shekara guda, ban ba shi tawa."

Bayan girbi aka ɗaura aure a Kurfi. Tsohon ya kama hannun Manu ya ce Allah ya tsare masa zuriya yadda ya tsare ta wasu, jama'a suka shafa. Da aka kai Rekiya ɗakinta, Manu ya ce yanzu fa ba ya da mota sai kara da ƙyalle. Ta ce ai su ta aura. Hanya dai ba a karkatar ba, hayaƙin ma yana nan, sai dai yanzu su biyu ne a bakin ƙofa.

Ranar da ta koma aiki, wata jif ta tsaya a filin wasan yara. Wani baƙo mai gajeren wando ya sauko da sarƙar awo da damin turaku masu jan kai. Ya buga na farko daidai ƙofar ajinta, sannan ya ɗago.

"Malama, ina hedimasta? Sabon titin ta nan zai ratsa."