Kebul ɗin da Aka Zare Babu Sallama

Injiniya ya rasu. Kujerarsa ta tsakar gida babu mai zama a kai, jakar aikinsa kuwa tana rataye a bayan ƙofa.

Aikinsa kula da babbar kwamfutar nan mai cika ɗaki guda, ɗaki mai sanyi kamar ƙanƙara. Shi yake haɗa ta da akwatunan da take ajiye bayanai a ciki, ya daidaita hanyoyin da ke tsakaninsu, kada wata ta cunkushe wata tana zaman banza. Yana da dokoki da har matarsa Umma, wadda ba ta taɓa taka wurin ba, ta haddace. Ba a barin akwati da hanya ɗaya, sai biyu, don in ɗaya ta yanke ɗayar ta ɗauka. Ba a kuma zare kebul, wato wayar da ta haɗa su, sai an rufe hanyar, an jira abin da ke tafe a cikinta ya isa. Shi har sallama yake ƙarawa, ya ce, "Masu wuri, a matsa." Abokan aikinsa su yi ta dariya.

A hannunsa 'yarsu Auta ta koyi aikin. Ana tsakiyar kwashe bayanai daga tsohon akwati zuwa sabo ya yanke jiki ya faɗi a ɗakin, don haka bayan zaman makoki ita aka ce ta ƙarasa. Ta ƙarasa. Amma ba ta iya daɗewa inda ubanta ya faɗi ba. Ta fizge kebul na ƙarshe, ba rufewa ba sallama, ta cusa shi a jakarsa ta taho gida.

Da magaribar ranar Umma tana kwashe shanya, sai ta ji sanyi yana tasowa daga ƙasa yana kama mata ƙafa. Kaji suka yi tsit. Wani ƙugi mai nauyi ya cika gidan, irin na manyan fankoki, alhali babu wuta a unguwar. Sai dutse ya faɗo kan kwano. Wani ya biyo shi, sannan wani, a jere, kamar masu bin layi.

Ta leƙa ɗaki ta tarar da Auta zaune a ƙasa, jakar a cinyarta, idanu a kafe.

"Auta, tashi mu yi salla."

"Ba ta nan," in ji wata murya ta tsoho daga bakin yarinyar.

Haka aka yi ta fama kowace magariba. Auta ta daina ci, jikinta ya yi sanyi ƙalau. Maƙwabta suka ce a bar gidan. Umma ta ce daga nan aka ɗauki mijinta, ba kuwa tsakuwa ce za ta kore ta ba. Ta aika aka kira Malam, mai karatu a kan masu irin wannan lalura.

Malam ya zauna daga bakin ƙofa, ya yi ta karatu har Auta ta fara makyarkyata.

"Wane ne kai? Me ya kawo ka?"

"Ya isa, Malam, kana ƙona ni. Mu ne masu wuri."

Umma ta matso. "Masu wurin wa? Baƙon da ko sallama bai yi ba!"

"Mu aka yi wa rashin sallama. A bayan tsohon akwatin nan muke tun da aka kafa shi. Mijinki in zai taɓa, sai ya sanar, ya jira mu wuce. Wannan yarinyar ta yanke hanya ina gefe ɗaya, iyalina suna ɗayan. Tunda ta raba ni da nawa, na zauna a jikinta ke nan."

"An ɓata maka, amma zalunci ba ya gyara kuskure," in ji Malam. "Ka ji tsoron Allah ka fita."

Muryar ta yi dariya. "Wa zai karɓe ta? Ubanta ne hanyarta, ta kuwa yanke."

Umma ta durƙusa ta kama hannun 'yarta, sanyi ya ratsa ta har kafaɗa, ba ta saki ba.

"Ashe duk zamanku da shi ba ka san shi ba. Yaushe ya taɓa barin abu da hanya ɗaya? Ga ni nan. Mutum ɗaya na ba ƙasa, don Mai shi ne ya karɓa. Kai kuwa ko farcenta ba ka samu."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Jikin Auta ya sandare.

Muryar ta ce, "To a mai da kebul ɗin! A buɗe, a jira, a rufe yadda yake yi. Sannan in fita."

"Ka fita tukuna," in ji Umma. "Ni da kaina zan raka ka."

Sai Auta ta yi atishawa, ƙugin ya ɗauke, jakar ta zame ta faɗi da nauyi kamar an zuba mata duwatsu.

"Umma, hannuna fa. Kin matse ni."

Da safe suka tafi tare, Umma ɗauke da jakar. A nan ta fara ganin ɗakin sanyin, ta tsaya daidai inda aka nuna mata mijinta ya faɗi. Auta ta mai da kebul ɗin, ta buɗe hanyar, ta jira fitilun suka daina ƙyaftawa, ta rufe. Kafin ta zare shi ta ce, "Masu wuri, a matsa." Babu wanda ya yi dariya.

Wanda duk ya karanta wannan, ya taya mu roƙo: Allah Ya jiƙan Injiniya, Ya sanyaya makwancinsa, Ya tsare mana abin da ya bari. Ku ce amin.